Kallon SEVENTEEN a filayen kubba na Japan: wane gari, wace kujera, wane tikiti?

Duk mai bin mawaƙan Koriya ta Kudu ya san cewa idan ƙungiya ta fara cika manyan filayen Japan masu rufin kubba, to ta kai inda ake zuwa. A 2023 SEVENTEEN, samari 13 da suka fito a 2015, sun zaga biyar daga cikinsu a rangadin FOLLOW: Tokyo Dome a watan Satumba, sai Belluna Dome da ke Saitama, da Nagoya, da Osaka, suka rufe da Fukuoka a Disamba. A shekarar ne kuma Stray Kids, wata ƙungiyar mawaƙan Koriyar, suka yi nasu zagayen. Wanda ya daɗe yana tara kuɗi don ya ga irin wannan taro da idonsa, kafin ya biya ko sisi akwai abubuwan da ya kamata ya auna.

Na farko shi ne wanda ya fi ba baƙo mamaki: a Japan ba kai kake zaɓar kujerarka ba. Tikitin farko ƙuri'a ake yi a kansa tsakanin 'yan ƙungiyar masoya masu rajista. Ka nemi rana da gari, ka jira sakamako, idan ka ci ka biya, lambar kujerar kuma sau da yawa sai ana dab da wasa za ka gan ta. Ragowar tikitin da ake sakewa ta shafuka irin su Lawson Ticket da Ticket Pia kan ƙare cikin ƙanƙanin lokaci, kuma galibi sai da lambar wayar Japan. Shi ya sa ga mai zuwa daga waje nake ganin tikitin da ake warewa baƙi, ko wanda ake haɗawa da ɗakin otal idan an fitar, ya fi kwanciyar hankali ko da ya fi tsada. Tikitin 'yan baranda kuwa, don Allah a bar shi. Tun 2019 dokar Japan ta hana sayar da irin wannan tikiti sama da farashinsa ba da izini ba, kuma ana iya duba fasfo a ƙofa. Sunan wani a kan tikitinka yana nufin ka tsallaka rabin duniya don ka tsaya a waje kana jin ihun mutane ta bango.

Sai gari. Kowa Tokyo Dome yake so, kuma na fahimci dalili. Tun 1988 yake, yana ɗaukar kusan mutum 55,000, kuma tashoshin Suidobashi da Korakuen na bakinsa. Iskar da ake hurawa ciki ce ke riƙe da rufinsa, har idan an buɗe ƙofofi bayan wasa sai ka ji iska ta turo ka waje ta baya. Amma kowa can yake nema, ƙuri'arsa ta fi zafi, otal ma ya fi cin kuɗi.

Ni da za a tambaye ni, Nagoya zan ce, musamman wasan tsakiyar mako. Filin can, Vantelin Dome, na da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a kusa, garin yana tsakanin Tokyo da Osaka, kuma jirgin Shinkansen yana kai ka daga Tokyo cikin ƙasa da awa biyu. Kyocera Dome na Osaka ma zaɓi ne mai kyau ga wanda yake so ya haɗa da yawon Kyoto, ko ya leƙa masallacin Kobe da aka gina a 1935. Fukuoka tana da daɗin sauka, domin filin jirginta mintuna kaɗan ne daga tashar Hakata, sai dai ɗakunan otal kan cika da wuri duk ranar da babban wasa ya faɗo, kuma daga tashar Tojinmachi sai ka taka kimanin minti 15 kafin ka isa filin wasan. Belluna Dome kuwa rufi ne kawai babu bango a gefe. Iska na shiga yadda take so, da rani zafi, a ƙarshen Nuwamba kuma sanyin da ya fi na hunturun Jos nesa ba kusa ba. Idan nan ka samu, ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safar hannu.

Game da kujera, kada ranka ya ɓaci idan ba ka samu ta ƙasa ba, wato tsakiyar fili. Shimfiɗe yake babu tudu, idan ka faɗa layin baya kuma kai ba dogo ba ne, ƙeyar mutane da fitilun hannunsu za ka yi ta kallo. Layukan gaba na benen farko sun fi min daraja: kana ganin tsarin rawar 'yan ƙungiyar gaba ɗaya, wanda shi ne ƙarfin SEVENTEEN, kuma idan aka ɗora su a kan kekunan da ke zaga fili, ta gabanka suke wucewa. Benen sama, wanda Japanawa ke kira kujerar silin, nesa ne ƙwarai. Can madubin hangen nesa mai ninki 8 zuwa 10 ya fi kowace tsaraba amfani. Amma daga can ne ake ganin dubban fitilun hannu na masoyan SEVENTEEN, waɗanda ake kira Caratbong, suna sauya launi lokaci guda, kamar an zuba ruwa mai haske a cikin kwano.

Wanda lissafin biza da kuɗin jirgi da otal ya fi ƙarfinsa, akwai kallon kai-tsaye da akan sayar ta manhajar masoya ta Weverse a wasu ranakun rangadi. Kyamara na kawo maka fuskoki kusa fiye da kowace kujera a filin. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8, don haka wasan ƙarfe shida na yamma a can ƙarfe goma na safe ne a Kano. Ka tanadi data mai isa, ka cika caji tun dare.