A Balensiya tun kanal na cike ake lissafin fari

'Yan uwa masu noman rani, ku ji wannan. Kanal cike maƙil, ruwa na gudu, amma mai gonar da nake yi wa aiki a wajen Balensiya, ƙasar Sifaniya, ya ce bana wani sashe na filin ba za a shuka shi ba. Na ce, "Maigida, ga ruwa kuwa?" Sai ya miƙo min wayarsa.

Rahoto ne da hukumar kogunan yankin ke fitarwa duk wata. Ana duba abin da ya rage a madatsun ruwa irin su Benagéber da Loriguilla da ke kan kogin Turia, da zurfin ruwan rijiyoyi, da ruwan saman da aka samu. A haɗa a fitar da maki tsakanin 0 da 1, a ajiye kowane yanki a mataki ɗaya cikin huɗu, daga lafiya lau har zuwa ta-ɓaci. Kowane mataki da ragin da za a yi wa manoma, rubuce tun kafin farin ya zo. Ba wasa suke ba: a Fabrairun 2024 da babban sashe na Kataloniya, wani yankin na Sifaniya, ya shiga ta-ɓaci, kashi 80 cikin 100 aka yanke na ruwan noma.

Wallahi raina ya sosu. Mu fa a gida sai kanal ya ƙafe, tumatir ya fara yaushi, sannan a ji wai dam ya ja baya. Na kusa da bakin ruwa ya toshe ya ƙoshi, na can ƙarshe ya kwana yana jira. Yashe kanal kuwa kowa ya ce aikin gwamnati ne, ciyawar kachalla ta yi ta cin hanya.

Nan ruwa in ya ragu, kowa rabonsa ke raguwa daidai gwargwado, a koma bin layi. Wanda ya yi satar ruwa a kanalolin Turia, akwai kotun manoma da ke zama duk Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin Balensiya. Dattawa takwas cikin baƙaƙen riguna, hukunci da baki, ba ɗaukaka ƙara. UNESCO ma, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama kotun a 2009.

Sai dai tsarin ba ya jin roƙo. Layinmu na iya faɗowa ƙarfe biyun dare, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ni kaɗai da tocila da fartanya. Ka makara, mai gadin kanal ya rufe ƙofa ya yi gaba, ko sannu babu. A irin daren nan nake kewar maƙwabcin da zai ce, "Je ka kwanta, zan juya maka."