Hattara da mai sayar da charango a intanet

Jama'a salamu alaikum, dan Allah masu harkar kiɗa ku karanta wannan kafin ku tura ma wani kuɗinku, ni dai an riga an yi min.

Akwai wani shafi da ke tallar charango, wannan ɗan ƙaramin abin kiɗan na mutanen tsaunukan Andes, Bolibiya da Peru, mai kama da jaririn gita. Mai shafin ya ce shi a birnin La Paz na Bolibiya yake, wai daga hannun masassaƙan garin Potosi na can ƙasar yake ɗaukowa kai tsaye, kuma in ka saya zai haɗa maka da darasi na bidiyo kyauta. Ni kuma dama na daɗe ina son koyon maino nain a kanta, wato wani haɗin sauti biyar ne, ka bi sautukan ɗaya bayan ɗaya, la do mi sol si, saboda yadda ake ɗaure tsirkiyoyinta sol do mi la mi ne, ka ga huɗu daga cikin biyar ɗin suna nan tun baka danna komai ba, si kawai zaka nemo a firet na 2 kan tsirkiyar la (firet su ne ƙarafan da aka jera a wuyanta inda ake danna tsirkiya). Wannan kwaɗayin ne ya ja ni wlh.

Na tura rabin kuɗi, bayan sati biyu ya ce kaya sun maƙale sai na ƙara na kwastan, na ƙara. Da abin ya iso kyau kam ba a magana, fenti sai sheƙi, tsirkiya 10 cif bibbiyu sahu biyar yadda ya kamata. Na ɗaure ta na fara atisaye, la do mi sol lafiya lau, ina danna si sai naji wani abu kamar kukan akuya. Kwana uku ina zargin yatsuna, har tsirkiya na canza. Sai wani abokina mai gyaran gita ya karɓa ya danna firet na 12, wanda dole ya bada sauti ɗaya da tsirkiyar in ba a danna ta ba amma a sama, ina! ko kusa. Ashe ƙarafan wuyan an jera su ne da ka kawai, irin wadda ake yi ma 'yan yawon buɗe ido ce su rataye a bango. Ba ta gyaruwa sai dai a cire allon wuyan gaba ɗaya.

Ni ma da sauƙi. Wata 'yar uwa da ta yi min magana ukulele ya aika mata, wani ɗan ƙaramin gita daban mai tsirkiya 4, ya ce ai sol do mi la ne duk ɗaya.

Sannan in ya ce maka yana da ta asali mai bayan kirkincho, dabbar nan mai sulke, kar ka saurare shi. Da can haka ake yi, yanzu da katako ake sassaƙawa, kuma an hana fataucin dabbar zuwa ƙetare, ko gaskiya yake faɗa kayan a boda zasu ƙare.

Duk wanda zai saya ya ce a kira shi ta bidiyo, ya ƙirga tsirkiya da idonsa, a kaɗa masa kowace ba a danna ba sannan a firet na 12. Na nemi haka tun farko ya ce netwok ba kyau na yarda. Darasin kuwa har yau shiru, ya ma yi bulokin ɗina, jiya kuma na ga shafin ya dawo da sabon suna amma hotunan nan ne dai, har da jan bargon da yake shimfiɗawa a ƙasa.