Maki 30 a makaranta, 9 a kulob: wanne kocin jami'a zai yarda da shi?

Malam, ka ce ɗan ƙaninka da ke Amurka yana cin kusan maki 30 a kowane wasa a ƙungiyar ƙwallon kwando ta sakandarensu, amma da ya shiga kulob a hutun bazara da ƙyar yake haɗa 9 ko 10. Kana tambaya wanne ne gaskiyar yaron, kuma wanne masu horarwa na jami'o'i ke dubawa kafin su ba da gurbin karatu kyauta.

Na kulob suke fara dubawa, kuma a ganina suna da hujja. Sai dai ba makin suke ƙirgawa ba, kuma babu kocin kirki da zai ɗauki yaro bai leƙa makarantarsu ba.

Matsalar maki 30 na makaranta ita ce ba a san a kan wa aka ci su ba. Sakandare a Amurka dubbai ne, kowace jiha da hukumarta, an kuma rarraba su rukuni-rukuni bisa yawan ɗalibai. Yaro mai tsawon ƙafa 6 da inci 4 a ƙaramin gari yakan tarar shi ne mafi tsawo a filin, sai koci ya tsayar da shi a gindin kwando yana ta zurawa a kan yaran da ba su kai kafaɗarsa ba. A jami'a kuwa mai wannan tsawon a waje yake wasa, shi zai riƙe ƙwallo, shi zai yi jifa daga nesa, shi zai bi wani mai gudu kamar barewa. Ka ga makin da ya tara bai amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin da kocin jami'a ya zo da su ba. Dokokin ma ba ɗaya ba ne. Wasan sakandare minti 32 ne, na jami'a 40. Layin jifan maki uku a sakandare ƙafa 19 ne da inci 9, na jami'a ya wuce ƙafa 22. Jami'a tana da agogon jifa na daƙiƙa 30, wato lokacin da dole mai ƙwallo ya yi jifa kafin ya ƙare, amma sai a kakar 2022 zuwa 2023 hukumar wasannin sakandare ta ƙasa ta amince jihohi su sa na daƙiƙa 35 idan suna so, kuma ba duka suka sa ba. Inda babu agogo, ƙungiyar da ke gaba tana iya riƙe ƙwallo tana ta fasin har lokaci ya ƙare.

Kulob kuwa, wanda jama'a ke kira AAU (Amateur Athletic Union, ƙungiyar wasannin matasa) a dunƙule ko da ba ƙungiyar AAU ɗin ce ta shirya gasar ba, tattaro zaratan jiha guda ko jihohi biyu yake yi a riga ɗaya. Manyan gasanninsa na kamfanonin takalma ne: EYBL ta Nike da aka fara a 2010, da 3SSB ta Adidas, da ta Under Armour. Ƙarshen ta Nike shi ne Peach Jam, a watan Yuli, a garin North Augusta na jihar South Carolina. Filaye ne da yawa a gini ɗaya, ana busa usur nan ana busawa can, masu horarwa sun jeru a kujerun gefe kowa da tambarin jami'arsa a ƙirji. Doka ta hana su yi wa yaran magana a wurin, don haka zaman nasu shi ne saƙon: yaro ya ɗaga kai ya ga wa ya zo dominsa. A kwana uku koci zai ga yaran da in makarantunsu zai bi ɗaya bayan ɗaya, sai ya ƙare kakar a jirgi, ga shi lokacin wasan sakandare, daga Nuwamba zuwa Maris, shi ne lokacin da shi ma yake fama da tasa gasar.

Kamar sayen rago ne. A kara kake ganinsa a tsaye kusa da sa'o'insa, ka san girmansa na gaskiya. Amma ko yana cin abinci, ko yana da wata cuta a ɓoye, wannan sai gidan da aka kiwata shi.

Anthony Davis shi ne babbar shaidar masu goyon bayan kulob. Makarantarsa a Chicago, Perspectives Charter, ba a san ta da ƙwallo ba, kuma ko da yake yana cikinta ta sha kashi a yawancin wasanninta. Ya shiga da tsawon ƙafa 6 ya fita da ƙafa 6 da inci 10, duk da haka jami'ar Cleveland State ce kaɗai ta nuna tana so. Da ya shiga kulob ɗin MeanStreets a farkon 2010, cikin 'yan watanni ya zama na ɗaya a ƙasar. Ya tafi jami'ar Kentucky, suka ɗauki kofin ƙasa a 2012, aka ɗauke shi na farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru, a shekarar. Cooper Flagg ma haka. Ya ci kofin jihar Maine da makarantar Nokomis tun yana ajin farko, mutane na cewa ai Maine ce, wa ke can? Abin da ya yi da kulob ɗin Maine United a Peach Jam na 2023 ne ya rufe bakin kowa.

To amma kada a ce kulob ba ya ɓatar da ido. Yana yi, sosai ma. Ƙungiyoyi da yawa ba sa samun atisaye mai yawa tare, saboda yaran garuruwansu daban-daban. A ƙananan gasanni akan buga wasa biyu ko uku a yini, wanda aka ci da safe kafin la'asar an manta, akwai wani. Ba a zauna an yi nazarin abokin karawa ba, tsaron baya sau da yawa kowa tasa ta fisshe shi, kuma kowane yaro ya san kujerun can cike suke, saboda haka mai ƙwallo a hannu ba ya son rabuwa da ita. Irin wannan wasa yana ƙawata mai tsalle da gudu, yana danne mai natsuwa wanda amfaninsa sai an tsara wasa. Tauraron NBA Kobe Bryant ya fito fili a 2015 ya caccaki tsarin, yana ganin ba ya koya wa yara tushen wasa kamar yadda ake yi a Turai. Sannan ga kuɗi. A Satumbar 2017 hukumar FBI ta kama mutum goma, cikinsu har da wani babban jami'in Adidas da mataimakan koci huɗu na jami'o'i, kan biyan kuɗi a ɓoye don karkatar da yara, abin da ya ci kujerar koci Rick Pitino a jami'ar Louisville.

Kuma ragar kulob tana da ɓula. Ja Morant yana cin kusan maki 27 a wasa a makarantar Crestwood ta South Carolina, irin lissafin ɗan ƙaninka ke nan, amma manyan masu jera sunayen yara da taurari ba su sa shi a jerinsu ba. A 2016 wani mataimakin koci na jami'ar Murray State, James Kane, ya je wani sansani ganin wani yaro daban, yunwa ta kai shi neman abin taɓawa, sai ya ji ƙarar ƙwallo a ƙaramin fili na baya, ya leƙa ya tarar da Morant ana uku da uku. A 2019 shi aka ɗauka na biyu a NBA. Makin makarantarsa gaskiya ne, masu kallo ne ba su je ba.

Abin da makaranta ke nunawa wanda kulob ba ya iyawa shi ne hali. A can koci ɗaya ne wata huɗu, atisaye kusan kullum, kuma abokan karawa sun kalli bidiyonka sun san da hagu ba ka iya shiga. Ranar wasa za su sa mutum biyu a kanka tun daga tsakiyar fili. Nan ake ganin ko yaro zai miƙa wa ɗan'uwansa da ya fi shi rauni amma yake a sake, ko zai dage sai shi. Nan ake ganin fuskarsa idan an cire shi an zaunar a benci, da yadda yake komawa baya bayan ya zubar da ƙwallo, da gudu ko da ɗaga hannu yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi. A gasar jiha kuma wanda aka ci ya fita, babu wasan la'asar. Kocin jami'a da ya je atisayen makaranta a watan Janairu, babu 'yan kallo babu kyamara, yakan ƙaru fiye da wanda ya kalli wasa biyar a Yuli. Takardun karatu ma makaranta ce ke da su: rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, yana buƙatar darussa 16 da aka amince da su da matsakaicin sakamako na 2.3. Yaro ya yi ta tashi sama, in babu wannan ba zai buga shekarar farko ba.

Akwai kuma makarantun da ke tsakani, irin su Montverde da IMG a Florida da Oak Hill a Virginia, waɗanda sunansu makaranta amma daga ko'ina suke ɗebo yara. Montverde ta 2019 zuwa 2020 tana da Cade Cunningham da Scottie Barnes da Moses Moody a ƙungiya ɗaya. Joel Embiid da ya zo daga Kamaru can ya fara, bai samu shiga sosai ba sai da ya koma The Rock School, daga nan jami'ar Kansas. Maki 9 a irin wannan wuri ya fi 30 a wani wurin, don haka kalmar "makaranta" kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka ji wacce.

Game da naku yaron, maki 9 bai isa a yanke masa hukunci ba. Ka tambayi mahaifinsa minti nawa yake samu a kulob da kuma jifa nawa yake yi, domin 9 daga jifa shida a minti 15 abin yabo ne, 9 daga jifa goma sha biyar kuwa magana ce daban. Ka tambaya wane matsayi yake bugawa a wuraren biyu. Idan a makaranta a gindin kwando yake, a kulob aka fitar da shi waje, to sabon aiki yake koya a gaban jama'a. Abubuwan da ba sa canzawa daga fili zuwa fili su za ku duba: yadda yake cin jifan da ake ba shi bayan an yi masa ƙeta, tun da nisan ɗaya ne ko'ina kuma babu mai tare shi, da yadda yake cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando a cikin dogaye, da ko ƙafarsa tana iya bin mai gudu ba tare da ya riƙe riga ba. A duba shekaru kuma. Iyaye da yawa suna sa yaro ya maimaita aji don ya fi 'yan ajinsa ƙwari, saboda haka mai yiwuwa wanda ke ture shi a kulob ya girme shi da shekara guda ko fiye. Guntun bidiyon da ake yaɗawa a Instagram kuwa ku bar wa abokansa, koci cikakken wasa yake nema, har da wanda aka sha kashi.

Sai ku shirya wa watan Yuni. Bayan badaƙalar 2017, kwamitin da Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, ta jagoranta ya ba da rahoto a 2018, kuma tun 2019 NCAA ta ware wasu ƙarshen mako a Yuni da masu horarwa za su kalli yara da rigar makarantarsu a taron da hukumomin jihohi ke shiryawa. Ga yaron da ya fi haskawa a makaranta, wannan ce damarsa: matsayin da ya saba, abokan da ya saba, ga kujerun gefe a cike. Mahaifinsa ya tambayi kocin makaranta tun yanzu ko za su je.

Kada kuma su raina ƙananan jami'o'i ko rukuni na biyu ko kwalejojin shekara biyu. Tun da aka sassauta dokar sauya jami'a a 2021, manyan masu horarwa sun fi son ɗauko ɗan shekara 21 da ya riga ya buga a wata jami'a, a kan ɗan 18 da ba a gwada ba, kuma guraben 'yan sakandare a manyan wurare sun ragu. Idan ƙaramar jami'a ta zo atisayensu a Janairu ta kuma biyo shi kulob a Yuli, ita ce ke sonsa da gaske, su amsa wayarta.