Lemar matuƙin Spitfire a sikelin 1/48: jakar ta yi, maɗauran sai a hankali

Wata uku ina fama da wani ɗan fage na kwaikwayo da nake haɗawa a kan katako, a sikelin 1/48, wato komai an rage girmansa sau 48: jirgin yaƙin Birtaniya Spitfire Mk I a filin jirage na Biggin Hill kusa da Landan, bazarar 1940, lokacin da Jamus ke luguden wuta a kan Ingila. Jirgin ya kammalu, ciyawa ta zauna, saura lemar sauka. A hotunan wancan lokaci za ka ga matuƙa na ajiye lemarsu a kan fiffike ko wutsiyar jirgi, maɗaurai na reto, don da an buga ƙararrawa mutum ya sura ya ɗaura ba ɓata lokaci. Wannan nake so in fitar, shi ya sa na yi odar wani ƙunshi ta intanet: jakunkunan lema biyu na rezin (wata irin roba mai tauri), da ɗan faranti na tagulla mai ɗauke da maɗaurai da kawunan bel.

Jakar kam ba ni da ta cewa. Irin ta kamfanin Irvin ce, wadda matuƙi ke zama a kanta, domin kujerar Spitfire kwarmi gare ta, lemar ce ke cike gurbin. An fitar da naɗin tamfol ɗin, da ƴan igiyoyin roba da ke fizge bakin jakar idan an ja zoben. Har matashin da ke samanta ya ɗan lotsa kamar an sha zama a kai. Fenti ruwan ƙasa kawai na shafa, na bi da ruwan fenti mai duhu ya shiga lunguna, sai ga abu ya fito.

Maɗauran ne suka sha mini kai. Na gaske zare ne saƙaƙƙe mai faɗin kusan inci 2, wato a wannan sikeli bai wuce milimita 1 ba. Zare yana da nauyi, yana faɗuwa, yana murɗewa inda ya ga dama. Tagulla kuwa ina! Duk yadda na lanƙwasa ta da hantsaki, sai ta tsaya ƙiƙam kamar an ba ta sitaci. Na gasa ta a wutar kyandir don ta yi laushi, ta yi kuwa, amma guda biyu suka narke a hannuna. Wanda ya tsira, da na sake lanƙwasa shi bayan fenti, fentin ya ɓare.

Daga ƙarshe salatif ɗin takarda na kamfanin Tamiya na ninka biyu, na yanka siri-siri da reza, na zura a kawunan bel ɗin tagullar. Nan ne farantin ya biya kuɗinsa, don kawunan sun fita tsaf, haka ma ɗan faifan nan na gaban ciki inda maɗaurai huɗu ke haɗuwa, wanda matuƙi ke murɗawa ya doka da hannu su saki gaba ɗaya in ya dira ƙasa ko ruwa. Ɗaya daga cikin kawunan ya fallo daga hantsaki, har yau yana cikin kafet.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne takardar bayani. Ta cakuɗa maɗauran lema da ɗamarar Sutton, alhali ita Sutton ta kujerar jirgi ce, mai ramuka da fil, ba ta barin cikin jirgin. Sabon shiga da ya bi zanen zai rataya ta a fiffike, masana su yi masa dariya.

In za ka saya, saya don jakar da kawunan bel. A sikelin 1/32, wanda ya fi girma, wataƙila tagullar ta fi biyayya, amma a 1/48 tanadi salatif da sabuwar reza. Jaka ta biyu na ajiye ta don jirgin Hurricane da ke jira a kwali.