Wardin Turawa da kariyar bayan gidanmu

Kawu, barkanku da war haka. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara da ƴan aikin garka baki ɗaya. Yaya aka ji da ɗari? Nan ma sai godiya, in ban da sanyin da ke ratsa ƙashi.

Saƙonku ya iso. Kun ce hoton da na turo da Sallah, wanda na tsaya kusa da wani itace mai jan fure, ya shiga ranku, in zan zo gida in riƙo muku dashe biyu, ɗaya na bakin rijiya a garkar Miriya, ɗaya na tsakar gidan Inna a Birni. Da wani ne da na ce "to" kawai, in bar zancen ya bi iska. Amma wanda ya shekara 40 yana dashe ba a yi masa amsar ganin ido, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wardi ne, dangin wanda alhazai ke kawo turarensa. Sai dai wannan ba irin mai dogon kara ba ne da samari ke saye su kai wa ƴan mata. Daga ƙasa yake fitar da rassa, ya yi cunkus kamar sabara, tsayinsa ya kai ƙirjina, ƙaya tun daga gindi har sama. Ganyensa a yamutse yake kamar bayan hannun tsohuwa. Ana ce masa rugoza, wasu su ce wardin Japan, don asalinsa daga gaɓar tekun can ne, da Koriya da arewacin Sin. Cikin rairayi yake fitowa a ƙasarsa, gishiri bai dame shi ba. Saboda haka ma'aikatan gari ke jera shi a shataletale da tsakiyar manyan hanyoyi, inda ake watsa gishiri da sanyi don kada ƙanƙara ta kwanta. A wajensu itacen shinge ne, kamar yadda muke ɗaukar lalle.

Garin da nake, Duwe-la-Fonten, ƙarami ne, a yammacin Faransa. Tsakaninsa da Somur kamar Damagaram da Miriya, Anje kuma na gaba da wajen kilomita 40. Yadda aka san Galmi da albasa, Matamai da rake, haka aka san Duwe da wardi. Dashen suke nomawa, miliyoyi kowace shekara, a fili, jere-jere kamar kunyar gyaɗa. A watan Yuli har biki suke yi masa.

Ranar da na fara aiki sai da na danne dariya. Mai gonar ya ɗauki wuƙa yana nuna mini auren itace, wato ɗora wani iri a jikin wani, a hankali kamar mai ɗora wa yaro alif, ni kuwa tun ina ɗan lakwal nake riƙe muku leda kuna aurar da mangwaro. Bambancin kawai, su ba reshe suke ɗorawa ba, ido ɗaya tak suke yankowa. A tsaga ɓawon wardin daji a gicciye, a sake tsagawa a tsaye, a zura idon, a rufe da ƴar roba. Mutum biyu ke bin layi, na gaba na yanka, na baya na ɗauri, a duƙe tun safe, cikin Yuli da Agusta. Ƙarshen sanyi a sare kan na dajin, idon ya tashi ya zama itace, kaka ta zagayo a tone. Kusan shekara 2 ke nan kafin kuɗi ya shigo. Bayana ya gaya mini a satin farko, amma a wajen wuƙa ban ji kunya ba, tarbiyyarku ce.

Yanzu ne lokacin sayarwa, daga Nuwamba zuwa Maris. Ba ƙasa, ba tukunya, rassa 3 ko 4 da saiwa a waje, in kun gani ku ce kirare ne. Tsofaffinsu na cewa duk icen da aka kafa ranar 25 ga Nuwamba sai ya kama. Nawa na saye shi yuro 12. Yuro ɗaya sefa 656 ne, kun ga kusan jikka 8 ke nan a kan ƴan kirare. Na tukunya, wanda ake samu har cikin rani, ya fi haka tsada nesa.

Da farko na ce wannan cuta ce. Sai daga baya na gane rabin kuɗin na takarda ne. Kowane dashe na rataye da ƴar takarda: sunansa, tsayin da zai kai, launin furen, yana da ƙamshi ko babu, tazarar da za a bari. A gefe ga wani ɗan akwati mai tutar Turai da lambobi, shi ne fasfon tsiron, in cuta ta ɓulla da shi ake gano gonar da ya fito. Abin da aka rubuta kuwa shi ke fitowa. Ku tuna shekarar da kuka sayi irin tumati a kasuwar Dole, ƙunshe a takardar siminti, mai shi na rantsuwa, sai bayan wata 2 kuka ga abin da kuka shuka.

Ga kuma garanti. Wanda na fara saye mutuwa ya yi, kuma laifina ne. Na ajiye shi sati guda a bayan ƙofa kusa da na'urar ɗumama ɗaki, saiwar ta bushe, na binne gawa ina ta ba ta ruwa. Da bazara wani abokin aiki ya ce in mayar. Na tafi da busasshen ice a leda da takardar biya, ina jin nauyi. Matar ta karce ɓawon da farce, ta ga ba kore, ta dubi takardar, ta miƙo mini sabo. Ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Na fito ina jin kamar na yi sata. Amma da takardar ta ɓata, ko kullum muna gaisawa da matar nan, ba ta san ni ba. Ku kuwa na sha ganin an dawo muku da zancen mangwaron da bai kama ba, ku sa yaro ya ɗauko wani, ba takarda ba shaida, don kun san uban mutumin.

Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne mallakar iri. Wanda ya ƙirƙiro sabon wardi yakan yi masa rajista, ofishin da ke wannan aiki na Turai gaba ɗaya a Anje yake, nan kusa da mu. Shekara 25 ko fiye ba mai ikon yawaita irin don sayarwa sai ya biya mai shi. Na fahimci hujjar, mutum kan shekara 10 yana zaɓe kafin ya fitar da guda. Duk da haka in na tuna yadda kuke yanko reshen lemo ku miƙa wa baƙon da ko sunansa ba ku tambaya ba, sai in rasa wa zan ba gaskiya.

Taki ma saye ake. Kashin doki, an ruɓar da shi, an zuba a leda mai hoton doki. Ƙasar shuka ita ma a leda. Da masu kula da dawakin fada sun san haka da sun yi arziki. Maganin ƙwari kuwa akasin namu ne: tun 1 ga Janairu 2019 doka ta hana sayar wa mai garkar gida magungunan feshi masu guba, an bar na gargajiya da makamantansu. In darɓa ta hau kan toho sai a dama baƙin sabulu a fesa. A nan kam na yaba musu, don na tuna piya-piyar da ake ɗurawa a butali ba suna, yara na fesawa a kan salati da hannu ba safa. Jiƙon ƴaƴan bedin da kuke yi ya fi kusa da abin da Turawa suka dawo gare shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Ruwan saman da Anje ke samu a shekara wajen milimita 700 ne, na Damagaram wajen 400. A lissafi ba su ko ninka mu ba. Amma namu cikin wata 3 yake zuba ya tafi, nasu yayyafi ne da ke zuwa kowane wata, ƙasa ba ta rabuwa da laima. Sabon dashe guga ɗaya a sati ya ishe shi a raninsa na farko, in ya kafu ma ba ruwansa da kowa. Pampo kuma tun da na zo bai taɓa ɗaukewa ba. A farin 2022 ne aka hana ban ruwa da rana a wurare da yawa, mutane na ƙorafi a talabijin kamar duniya ta tashi. Wasu suka sayi duro suka kafa ƙarƙashin indararo, suna nuna mini kamar sabuwar dabara. Ban ce komai ba. Na tuna garinmu da ke zaune kan dutse, ana jawo masa ruwa daga Gogo da Arunguza da Ganaram, da yadda Inna ke tashi da tsakar dare a watan Afrilu in ta ji pampo ya yi tari. Ba zan kai mata itacen da zai riƙa shan bido guda duk kwana biyu ba, ƴan ga-ruwa na tsuga kuɗi.

Garka akwai rijiya, za ku ce. Haka ne, amma zafi fa? Rugoza ɗan sanyi ne, yana son ya zubar da ganye ya yi barci cikin ƙanƙara kafin ya farka ya yi fure. Ku dubi inda wardi ke albarka a ƙasashe masu zafi. Ɗa'ifa, inda turaren alhazai ke fitowa, bisa duwatsu take, sama da mita 1,500. Ƙal'at Maguna ta Maroko a gindin duwatsun Atlas take. Furannin da ake sayarwa a nan ranar 14 ga Fabrairu yawancinsu jirgi ke kawowa daga tuddan Kenya da Habasha. Mu ko mita 500 ba mu kai ba, bazararmu ta wuce 40 a ma'auni. A ganina in akwai inda zai ji daɗi a Nijar, sai bisa duwatsun Bagzam na yankin Agadez. Kuma tsiro mai rai ba a tsallake iyaka da shi sai da takardar likitan tsirrai, ƴan duwan na da hujjar karɓewa.

Amfaninsa kuwa ya wuce kallo. Nakan tsinki furen da sassafe kafin rana ta sha ƙamshin, in shanya a inuwa, in jefa ɗan kaɗan a shayi zagaye na biyu. Man turaren ba aikin gida ba ne, sai an tara tan 3 zuwa 4 na fure ake tatsar kilo ɗaya, ku daina ganin laifin masu sayarwa. Da kaka yana yin jajayen ƴaƴa kamar ƙananan tumati, cike da bitamin C. Wata tsohuwa maƙwabciyar fegina ce ke dafa su da sukari ta yi konfitir. Ranar da na fara gani na ɓalli ɗaya na jefa baki kamar magarya. Kawu, ashe cikinsa gashi ne tare da ƙwallaye, ƙaiƙayin gero wasa ne. Na wuni ina kakari, tsohuwar na riƙe ciki don dariya. Sai an tsaga an kankare cikin tas. Sunan da suka raɗa wa ƴaƴan saboda wannan gashin, ba zan iya faɗa a gabanku ba.

Bari in ba ku labarin da ya fi. Kwanaki a wani babban kantin tsirrai na shiga ɗakin gilas da ake ɗumamawa, sai ga wani ɗan itace mai ƙaton gindi da fure ja-ja, a tukunyar da ba ta fi kwanon sha ba. An rubuta masa "wardin hamada", yuro 25, sama da jikka 16. Na matsa na duba. Kariya ce. Kariyar da ke bayan gidanmu, wadda ko akuya ba ta kallo saboda dafin ruwanta, wadda ba wanda ya taɓa ba ta ko moɗa ɗaya, amma da rani, lokacin da komai ya ƙone, sai ta fitar da fure ba ganye. Ba ta da dangantaka da wardi ko kaɗan, suna ne kawai suka ara mata. A nan sai an shigar da ita ɗaki duk sanyi, an auna mata ruwa, kuma sau da yawa ruɓewa take yi. Wata mata na tsaye tana karanta takardar da natsuwa, har na buɗe baki zan yi magana na fasa.

In har ranku ya kafe kan wardi, ku nemi wanda ya riga ya rayu a ƙasarmu, wajen masu dashen furanni na Yamai ko Kano, ko da furensa bai kai na hoton ba. Ku yanki reshe mai kaurin alƙalami ku kafa yanzu cikin ɗari, inda zai sha hantsi, inuwar bedi ta rufe shi da azahar. Ku binne tulu a gefensa kuna cikawa, ya riƙa tsattsafo masa a hankali. A sa ido kan gara, a yi masa shinge, don ƙayarsa ba ta hana akuya. Na tsakar gidan Inna kuwa, a yanko mata kariya a sa a tsohuwar randa, a dai ja wa yara kunne kan ruwanta.

Wani ɗan unguwarmu zai taho ƙarshen wata, na ba shi ƙunshi. Akwai wuƙar aure guda biyu, irin mai ɗan harshe a baya na ɗaga ɓawo, da almakashin yankan reshe. A riƙa goge shi da mai, kada a bar yara su yanka waya da shi. Busasshen furen da ke cikin gwangwani na Inna ne, ta gwada a turaren wuta ko humra ta gaya mini. In zai dawo kada a wahala da kilishi, nama ba ya shiga Turai, a filin jirgi za a zubar. Dabino yana cikin ƴaƴan itace 5 da doka ta yarda a shigo da su ba takarda, a sama mini na Gidimuni ko tiya ɗaya. Kuma a sa ɗaya daga cikin yara ya ɗauko mini hoton kariyar nan, ya tsaya kusa da ita don a ga girmanta, ina so in nuna wa mai gonarmu.

A gaida Inna da kyau. Allah ya ƙara girma.

Ɗanku, daga Duwe.