Sharhi: Ziyarar filin dagar Verdun da ɗan jagora

Wanda ya samu kansa a Faransa kuma yana sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya daure ya biya kuɗin ɗan jagora zuwa Verdun. Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na bi, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ba don jagoran ba, da daji kawai zan gani, ƙasa duk tudu da kwari. Ashe kowane kwari ramin harsashin igwa ne. Ranar 21 ga Fabrairu 1916 Jamusawa suka buɗe wuta da igwa wajen 1,200, aka yi ta ɓarin wuta har Disamba. Ƙauyen Fleury ya shafe ɗungurungum, sai 'yan alamu da aka kakkafa: nan makaranta take, nan gidan mai burodi.

Inda na fi jin daɗin aikin jagoran shi ne sansanin Douaumont, wani katafaren ginin tsaro na sojojin Faransa. Ciki sanyi ƙalau, ruwa na ɗiga daga rufi. Ya nuna mana igwa mai bakin milimita 155 da ke cikin hasumiyar ƙarfe, wadda ake ɗagawa ta yi harbi a sake nutsar da ita ƙasa. Sannan ya ce mu yi shiru, ya saki wani faifan ƙarfe a daɓe. Wallahi sai da hanjina ya kaɗa! Ya ce wannan somin-taɓi ne a kan abin da sojojin ciki suka riƙa ji dare da rana. Jamusawa sun kame sansanin ranar 25 ga Fabrairu kusan ba faɗa, Faransa ba ta ƙwato shi ba sai 24 ga Oktoba, bayan ta yi masa luguden wuta da igwa mai milimita 400 da ake ja a kan layin dogo. Cikin waɗanda suka kutsa ranar har da sojojin Afirka ta Yamma.

Ƙorafina shi ne gaggawa. A maƙabartar Douaumont akwai ɓangaren sojoji Musulmi, kaburburan na fuskantar alƙibla, ko addu'a ban gama ba direba ya hau danna oda. Abincin rana ma burodi ne da naman alade, don haka a tafi da guzuri.

A sa takalmin da zai jure taɓo. Kuma kada a taɓa wani ƙarfe a dajin, har yau ana tsintar harsasan da ba su fashe ba.