Kuben adda daga hannun wani baduku a Daura: yabo da gyara

Kusan babu gidan manomi a ƙasar Daura da za a rasa adda a cikinsa, amma da wuya a ga wadda take da kube na kirki. Abin da aka saba shi ne a naɗe ta da tsohon buhu ko tsumma, a ɗaure da roba, a soke ta a bayan babur, kuma ba a daɗewa kaifin yake cinye buhun ya fito ya nemi ƙafar mai ita ko ta yaron da aka goya. Ga kuma halin da ake ciki na tsaro, inda wanda ya doso shingen jami'ai da tsirarar adda yakan sha tambayoyin da bai kamata manomi ya sha ba. Kuben wuƙa da na takobi ana samunsu a ɗinke a kasuwa, na adda kuwa sai an ba da aiki, domin addunan ba su da fasali ɗaya: ta maƙeran gida daban, ta kamfani mai tambarin kada daban, kuma ko a cikin na kamfanin akwai miƙaƙƙiya akwai mai faɗin kai. Dalilin da ya sa na kai aikina wurin wani dattijon baduku da yake zaune a cikin kasuwar Daura ke nan, kuma bayan kuben ya yi damina da kaka a hannuna, na ga ya dace in bayyana abin da na gani.

Yawancin aikin da yake rataye a rumfarsa kayan doki ne, sai layu da takalma da kuben wuƙa. Abu na farko da ya sa hankalina ya kwanta da shi shi ne ƙin karɓar awo da baki. Da na ce masa tsawon addar inci 18 ne, sai ya ce, "Malam, ba a yi wa adda kube a bayan idonta. Je ka kawo ta." Da na kawo, ya kwantar da ita a kan kwali ya zagaye ta da alƙalami, ya bar rata kamar faɗin yatsa a gefen kaifi, sannan ya nuna mini inda matsalar take: addata ta fi faɗi a wajen kai fiye da wajen ƙota, saboda haka idan aka yanka bakin kuben daidai da gindinta, kan ba zai wuce ba, idan kuma aka buɗe bakin sosai, za ta riƙa rawa a ciki. Maganin da ya kawo shi ne a bar sashen sama na bayan kuben a buɗe, wato ɓangaren da ba shi da kaifi, a sa maɗauri da zai kama ƙotar. Wannan shawara ta yi daidai, domin ana zare addar da hannu ɗaya ba tare da kokawa ba.

Batun fata ya fi komai ɗaukar mana lokaci. Na fara nuna sha'awar jar fatar akuya mai laushi da ƙyalli, irin wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa take fitowa. Ya ce wannan ta ado ce, ta dace da jaka da laya da rufin kuben takobi, amma ba za ta iya da nauyin adda ba. Ƙirgin saniya mai kauri shi ne na wannan aiki. Wanda ya ɗauko jimar gargajiya ce: majema sun jiƙa fatar a ruwan toka har gashi ya saki, sun kankare ta, sun tausasa ta da kashin tattabara, sannan ta kwanta a ruwan dakakkiyar bagaruwa har jimar ta ratsa ta, aka shafe ta da mai. Ya yanki gefenta ya miƙo mini in duba. Launin ƙasa-ƙasa ne tun daga sama har ƙasa, babu wani farin layi a tsakiya, wanda shi ne alamar fatar da aka yi gaggawar tsamowa kafin bagaruwa ta gama shiga. Irin wannan takan bushe ta ƙage, daga baya ta tsattsage. Fatar kamfani da aka jeme da sinadari kuwa, idan aka yanke ta akan ga cikinta da shuɗi-shuɗi, tana da laushi amma ba ta riƙe siffar da aka ba ta. Fatar bagaruwa idan aka jiƙa ta aka matse ta a jikin abu, to a haka za ta bushe, kuma wannan hali nata ne ya sa kube yake kama adda. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa ƙirgi mai kyau ya yi tsada, domin fatar shanu da yawa tana tafiya tukunya a matsayin ganda kafin ta isa hannun majema.

Inda na fi yaba masa shi ne ɗinki, kuma a nan ne nake ganin ake rarrabe kube na gaskiya da na gani-a-saya. Bai haɗa fallen gaba da na baya kai tsaye ba. Sai da ya yanko wani siririn yanki na ƙirgi, mai faɗin yatsa, ya shimfiɗa shi a tsakaninsu tun daga baki har ƙarshen kai a ɓangaren kaifi, sannan ya huda falle ukun tare. Amfanin wannan yanki shi ne kaifin addar ya riƙa zama a kansa, kada ya taɓa ɗinkin. Kuben da ba a sa masa shi ba, komai kyan zanensa, kaifi zai yanke zaren da kaɗan-kaɗan har wata rana addar ta faso ta ƙasa. Ya huda da basilla, huda kusa da huda, ya ɗinka da siririyar tsirkiyar fata wadda ya jiƙa tukuna domin ta ƙara kamewa idan ta bushe, kuma ya ninka ɗinkin a baki da wajen kai, wuraren da suka fi shan wahala. Bayan haka ya shafa wa addar mai, ya naɗe ta da leda, ya zura ta cikin jiƙaƙƙen kuben, ya bi gefunanta yana dannawa da ƙaho mai santsi har siffarta ta fito, ya ajiye a inuwa. Ya ce rana tana ƙona fata mai laima, ta mayar da ita kamar ƙanzo.

A wajen aiki kuben bai ba ni kunya ba. Ya je sassabe, ya je saran ƙaya don shingen gona, ya je yankan kara bayan girbi, ya sha ruwan sama da ƙura a bayan babur, amma har yanzu babu ɗinkin da ya saki, kuma idan aka kifa shi addar ba ta zamewa ko da ba a ɗaure maɗaurin ba.

Sai dai akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya san su. Na farko shi ne saɓa alkawarin lokaci. Na ba da aikin gab da Sallar Gani, lokacin da mahaya suke rububin gyaran linzami da kayan sirdi, sai aikina ya koma baya, aka yi ta ce mini in dawo. Ban ga laifinsa ba da ya fifita masu hawa, domin su ne manyan abokan cinikinsa, amma da ya faɗa mini tun farko da na san yadda zan tsara zuwana. Wanda yake son aikinsa da wuri ya guji makonnin da suke gaban sallolin nan biyu da watan Maulidi. Na biyu shi ne maratayi, wanda ya yi da fatar akuya falle ɗaya. Ya yi siriri ga nauyin adda, yana cin kafaɗa, kuma ya miƙe tun kafin damina ta raba. Da na mayar, ya sauya shi da ƙirgi mai faɗi bai karɓi ko kwabo ba, abin da na ɗauka a matsayin mutunci, ko da yake aikin da ya kamata a yi tun farko ne. Jan rinin karan dafi da ya yi wa bakin kuben ado da shi ma ya zuba a jikin farar riga a ranar da gumi ya jiƙa shi. Baƙin layin da ya ja da kuloko bai zuba ba. Ga kuben da zai je gona, na fi ba da shawarar a bar fatar da launinta, a shafa mata mai kawai.

Akwai wani abu da ba laifin baduku ba ne, halin fatar ne. Bagaruwar da take cikinta ba ta shiri da jiƙaƙƙen ƙarfe: idan aka mayar da adda kube da laima ko ruwan itace a jikinta, za ta yi tsatsa, cikin kuben kuma ya yi baƙi. Don haka sai an goge ta ta bushe kafin a mayar, idan kuma za a ajiye ta tsawon rani, gara a zare ta a shafa mata mai a rataye su dabam-dabam. Shi kansa kuben yana son a ɗan shafe shi da man kaɗanya ko man gyaɗa idan hunturu ya kama, amma kaɗan, domin yawan mai yana kashe masa tauri.

Kuɗin da ya karɓa ya kusa kai kuɗin sabuwar adda, kuma na san akwai wanda zai ce wannan ya yi yawa a kan abin da buhu yake yi kyauta. Ni dai ban ga tsada ba, idan aka dubi kaurin fatar da yawan hudar da hannu ya yi. Ga mai aiki da adda kullum, ko mai ɗaukarta a babur zuwa gona mai nisa, ina ba da shawarar wannan aiki ba tare da shakka ba. Wanda tasa ba ta fita daga tsakar gida kuwa ba lallai ne ya kashe wannan kuɗi ba. Duk wanda zai je, a Daura ne ko wajen dukawan birnin Katsina, ya tafi da addarsa, ya nemi a yanka masa gefen fatar ya duba cikinta, ya tabbatar za a sa yankin nan na tsakiya a ɓangaren kaifi, sannan a yi magana a kan faɗin maratayi da ranar karɓa kafin ya ba da kafin alƙalami.